Kukan da Na Ji a Bayan Muryarka

Assalamu alaikum ƙanena,

Da fatan kana lafiya, da iyali da kasuwa. Yaya jikin Inna, ƙafar ta saki? Yaya kuma zafi? Na san yanzu Birnin Kebbi ta ɗauka, ana kwana a tsakar gida. Mu nan Manchesta har yau da rigar sanyi nake fita, ga yayyafi kullum kamar an ɗaura masa aure da garin.

Saƙon muryarka ya same ni a cikin bas zan tafi aiki, kuma sau uku na saurare shi. A na farko na ji abin da kake faɗa: kwamfutar shago ta sake mutuwa a tsakiyar aikin wata ɗalibar foli, babi guda ya salwanta, yarinya ta yi ta kuka, don haka in daure in aiko maka da UPS, akwatin batirin nan da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, na Turai na asali tunda na kasuwa duk jabu ne. A na biyu da na uku kuwa ba kai nake saurare ba. Akwai wani sauti a bayan muryarka. Sai in ji ƙas, sai ɗan kuka ɗit-ɗit, sai kuma ƙas, a yi shiru. Jim kaɗan a maimaita. Can nesa kuma ina jin ƙarar mai waldan da ke kusa da ku, kuma duk lokacin da ya ɗosana sandarsa a ƙarfe sai akwatin naka ya amsa. Ga fanka tana juyawa, ina jin ta, wato akwai wuta. To akwatin da ke kuka alhali akwai wuta ba jabu ba ne. Yana gaya maka wutar da ke shigowa ta yi ƙasa da abin da zai iya miƙa wa kwamfuta, shi ya sa yake komawa kan batir, ya dawo, ya sake komawa. Kafin la'asar ya ƙarar da ɗan abin da ke cikinsa wajen cike waɗannan giɓɓan. Sa'ad da aka ɗauke wutar gaba ɗaya, ba abin da ya rage masa, sai su faɗi tare da kwamfutar.

Shi ya sa na zauna in rubuta maka a tsanake, don in na aiko maka da na nan ɗin ma, haka zai yi maka.

Bari in fara da yadda wuta take a nan, don ka gane wa ake ƙera wa waɗannan kaya. Shekarata uku da wani abu a ƙasar nan, sau ɗaya aka taɓa ɗauke wuta a gidan da nake. Ni ko a jikina, na kunna fitilar waya na ci gaba da cin tuwona. Sai ga tsohuwar da ke ƙasa da ni ta hawo tana ƙwanƙwasa ƙofa, hankali a tashe, wai ko na kira 105. Lamba ce ta kyauta da ake bugawa in wuta ta ɗauke, a gaya maka abin da ya faru da lokacin da ake sa ran dawowarta. Ba a yi awa ɗaya ba aka maido. In za su yanke don gyara, sai sun sanar da kai aƙalla kwana biyu kafin ranar. In kuma wutar ta wuce awa 12 ba ta dawo ba, alhali ba wata guguwa aka yi ba, akwai diyyar da ake biyan mai gida. Ranar da na fara jin wannan sai da na yi dariya ni kaɗai.

Amma rashin ɗaukewar bai burge ni kamar daidaiton ƙarfinta ba. A doka wutar gida a nan bolt 230 ce, ba a yarda ta haura da fiye da kashi 10 cikin 100 ba, ko ta sauka da fiye da kashi 6. Wato tsakanin 216 da 253 ke nan. Ina da mitar auna ƙarfin wuta a jakar aiki, kuma saboda halin ɗan Najeriya nakan soka ta a soket duk ofishin da na shiga. Kusa da 240 nake gani, safe da yamma, rani da damina. Ban taɓa ganin ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi ba.

Kada ka ɗauka su ma ba sa gamuwa da tsautsayi. A watan Agustan 2019 tsawa ta faɗa kan wani babban layi, tashoshi biyu suka fita kusan lokaci guda, gidaje da ma'aikatu kimanin miliyan ɗaya suka shiga duhu, jiragen ƙasa suka tsaya cak a hanya. A watan Maris na 2025 gobara a wata tashar rarraba wuta ta sa aka rufe filin jirgin sama na Hitro kusan yini guda. Wata guda bayan haka Sifen da Fotugal suka yini babu wuta. Sai dai irin wannan a wurinsu labari ne na shekara, ana ta bincike a kai har a gaji. Kuma tsada, ba a magana. Kuɗin wuta da gas da nake biya a watan sanyi, in na juya shi zuwa naira na gaya wa Inna, cewa za ta yi in tattaro in dawo gida.

To a irin wannan ƙasa wa ke sayen UPS? Kusan ba kowa. Ka shiga gida goma ba za ka ga ɗaya ba. Manyan shagunan kayan lantarki ma ba kasafai suke ajiye shi a kan kanta ba, sai dai ka yi oda ta intanet a kawo maka washegari. Ofisoshi ne ke sa shi a gindin babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanansu. Sunayen da na fi gani su ne APC da Eaton da CyberPower, kuma in ka juya bayansu, galibi a Asiya aka haɗa su, kamar dai Mercury da Blue Gate da kuke saye a can.

Kwanan baya aka aike ni wani ƙaramin asibitin haƙori. Matar da ke karɓar baƙi ce ta bugo, wai akwai wani baƙin akwati a ƙarƙashin teburinta da ya yi ta 'yar ƙara kamar ɗan tsako na minti ɗaya ya yi shiru, bayan awa biyar kuma ya sake. Ba ta ma san sunansa ba, amma ba ta bari ya kwana ba. Na je na durƙusa, na jawo shi, na ga takardar da wanda ya sa batirin ya manna da kwanan wata. Shekara huɗu da 'yan watanni. Na zare tsohon na sa sabo, na manna tawa takardar, minti goma an gama. Na tambaye ta sau nawa aka ɗauke wuta tun da take wurin, ta ce ita dai ba ta tuna ba. Ka ji fa. Batirin nan ya tsufa ya mutu a cikin sanyi da hutu, bai taɓa yin aikin kirki ba. Naka kuwa a yini ɗaya yana yin abin da wannan bai yi ba a rayuwarsa. Na tuna lokacin da na zo hutu na tarar ka liƙe bakin naka da salatif don kada ya dame ka da kwastomomi.

Kukan nan kala-kala ne, kuma kowanne da abin da yake nufi. Kamfani da kamfani sukan ɗan bambanta, sai ka duba 'yar takardar da ta zo a kwali in ba a kunna gawayi da ita ba. Amma a ƙananan APC da na fi taɓawa, in ka ji ƙara huɗu a jere, a yi shiru, bayan daƙiƙa 30 a sake, to yana kan batir ne: ka adana aikinka, ka shirya kashewa. In ƙarar ta koma ba tsayawa, ɗit-ɗit-ɗit kamar ana korar sa, batir ya zo ƙarshe, abin da ya rage bai fi ka danna adanawa ka kashe ba, ba lokacin cewa kwastoma bari in ƙarasa wannan shafin ba ne. In kuwa dogon sauti ne guda ɗaya miƙaƙƙe, kaya sun yi masa yawa, ka zare wani abu. Sai kuma wancan na ɗan tsako da ke dawowa bayan awa biyar, shi ne akwatin ya gwada batirinsa da kansa ya ga ya gaza. Naka da ke shiga yana fita ana cikin wuta, shi ne na biyar, kuma a garinmu shi ya fi yawa.

Me ke jawo shi? Kai ma ka san babban layin da ya taso daga Kainji ya iso har Birnin Kebbi, daga nan ma wani ya wuce Yamai. Yawancin faɗuwar da kake gani a soket ba daga can take ba, a 'yar tazarar ƙarshe ake haifar ta. Taransifoma ɗaya, gidaje sun ninka abin da aka sa ta domin su. Waya siririya, an ja ta nesa, an yi mata ɗauri a wuri biyar. Shagonka kuma a wutsiyar layi yake. Da mai walda ya ɗosana, ko injin niƙa ya tashi, ko magariba ta yi kowa ya kunna fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki, sai ƙarfin ya zube. Kwamfuta kuma ba ta rage cin da take yi don wuta ta yi ƙasa. Abin da ta rasa a ƙarfi sai ta jawo shi a yawa, fawa-fak, wato akwatin wutar da ke cikin kwamfutar, ya yi ta ɗaukar zafi. In faɗuwar ta yi zurfi, ɗan abin da fawa-fak ke riƙewa bai kai ƙiftawar ido ba, wajen kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa ne, sai ka ga kwamfuta ta mutu ta sake tashi da kanta. In ta mutu tana cikin rubutu a kan faifan ajiya, nan ne fayil ke lalacewa, wani lokaci Windows ɗin ma ta ƙi tashi. Babin yarinyar nan ta wannan hanya ya bi.

UPS iri uku ne, kuma a nan gizo ke saƙar. Akwai mafi araha, wanda aikinsa kawai jira: wuta ta yi daidai ya miƙa ta yadda ta zo, ta kauce ya koma batir. Daga sautin da na ji, ina kyautata zaton irinsa ne a wurinka, ko kuma wutar taku tana sauka ƙasa da abin da kowane ƙaramin akwati zai jure. Na biyu yana da 'yar taransifoma a ciki mai ɗaga wuta in ta yi ƙasa, ta rage ta in ta yi yawa, ba tare da an taɓa batir ba. Za ka ga an rubuta AVR a kwalinsa. Shi ma yana da iyaka, a bayansa ake rubutawa: wani 170 zuwa 280, wani 140 zuwa 300. Wannan lambar ta fi sunan kamfani muhimmanci a wurinka, kuma ita ce ba wanda ke dubawa a nan Ingila don ba ruwansu da ita. Na uku shi ne na manya, wanda kullum yake mayar da wutar gari ta koma ta batir ya sake haifar sabuwa mai tsabta, kwamfuta ba ta ma sanin me ke faruwa a waje. Yana da kyau ƙwarai, amma kuɗinsa zai sayi kwamfutarka har da canji, ga fankarsa ba ta shiru.

Abin da ya dace da shagonka shi ne na biyun, da sitabilaiza a gabansa. Daga bango zuwa sitabilaiza, daga sitabilaiza zuwa UPS, daga UPS zuwa kwamfuta da allonta. Kada ka juya tsarin ka sa sitabilaiza a bayan UPS. Ka nemi mai iya ɗaga wuta tun daga wajen bolt 100, kuma ka sayi wadda ta fi buƙatarka girma sosai, domin in wuta ta yi ƙasa ƙwarai, abin da sitabilaiza ke iya ɗauka yakan ragu har kusan rabin abin da aka rubuta a goshinta. Akwai wani ɗan maɓalli na jinkiri a jikin yawancinsu, wanda mutane ke kashewa don gaggawa. Bar shi a kunne. Wutar da aka maido yanzu-yanzu takan zo da hauka, gara ta huce na 'yan daƙiƙu kafin ta iso ga kayanka. Wani abin dariya, sitabilaizar nan da ke kowane gida a Gesse da Badariya, na tambayi wani abokin aikina Bature ko ya san ta, sai da na zana masa a takarda.

Sai maganar lodi. Lambar nan 650VA da ke gaban akwatin ba wat 650 ba ce. Abin da zai ɗauka a zahiri wajen wat 360 zuwa 390 ne. Kwamfutar tebur ɗaya da allonta sun ishe shi. Na san halinka, na tabbata akwai doguwar ekstenshan a bayansa, an soka cajar wayoyin maƙwabta da 'yar fanka, wataƙila har da firinta. Firintar leza ita ce babbar mai kashe UPS. Tana da wani ƙarfe a ciki da take gasawa don hoda ta kama takarda, kuma duk sanda ta tashi gasa shi takan fizgi wuta ninkin abin da kwamfuta ke ci. Ita da fotokwafi da injin laminatin, a ba su nasu layin daban. Kuma ka cire wa ranka cewa UPS ƙaramar inbata ce. Batirin cikinsa bolt 12 ne, 7Ah, irin mai nauyin kilo biyu da ɗan wani abu. In sabo ne fil, minti biyar zuwa goma zai ba ka. An yi shi ne don ka sauka lafiya, ko ka samu zarafin tayar da janareta. Duk ranar da ka bar shi ya yi ta kuka har ya mutu da kansa, ka yanke masa wani yanki na kwanansa, kuma yana buƙatar awa shida zuwa takwas a kan wuta kafin ya cika. In wutar awa biyu aka ba ku aka ɗauke, da rabin ciki zai kwana, gobe ma haka, har ya saba ya daina cika.

Ga kuma zafi. Masu ƙera batirin nan sun yi lissafin shekara uku zuwa biyar ne a ɗaki mai awon zafi 20 zuwa 25. Duk ƙarin 10 a kan haka yana raba kwanansa biyu. Yanzu ka auna shagonka mai rufin kwano a watan Afrilu, waje ya haura 40, akwatin kuma yana ƙasa a lungu, an jibga masa rim ɗin takarda a kai. In ya yi maka shekara ɗaya ka gode Allah, ba algus aka yi maka ba. Ɗaga shi daga ƙasa, ka sa shi inda iska ke ratsawa, ka bar masa sarari ta kowane gefe. Bayan hunturu ka sa a busa ƙurar da ta toshe hudojinsa, da na kwamfutar ma. In ka buɗe ka ga batir ya kumbura kamar burodi, ko ka ji wari, kada ka sake jona shi.

A wajen sayen batir ne na ga bambancin nan da gida ƙuru-ƙuru, kuma bambancin na hidima ne. Batirin dalma ko ba a taɓa shi ba yana zubar da caji a hankali, in ya wuce wata shida a ajiye ba a ɗan caja shi ba ya fara lalacewa. A nan mai sayarwa ya san in ya turo maka matacce za ka mayar masa. Abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka ce ka fasa, ko ba laifin komai. Abin da ya fito da aibi kuma dokar 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka. Ga garantin kamfani, galibi shekara biyu. Saboda haka ba ya yarda kaya su tsufa a hannunsa. Namu kuwa batir ya sha teku, ya kwana a Legas, ya hau mota zuwa Kano ko Anacha, ya iso Birnin Kebbi ya zauna a shago cikin rana, a sayar maka a matsayin sabo. Ni ma an taɓa yi mini haka lokacin ina riƙe da shagon, na koma washegari mai kayan ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit, ya ci gaba da danna wayarsa. Don haka ka tafi da mita. Cikakken batir a zaune zai nuna wajen 12.7 zuwa 13. Amma mita kaɗai takan yi ƙarya, domin mataccen batir ma yakan nuna lamba mai kyau in ba kaya a kansa. Ka ari ƙwan fitilar gaban mota wurin mai gyaran wayar mota, ka jona masa a gaban mai shagon, mita tana manne. In hasken ya tsaya kuma lambar ta tsaya kusa da 12, biya. In ka ga tana gangarowa kamar an kwance guga a rijiya, ajiye masa abinsa.

Garantin nan kuma shi ne dalili na biyu da ya sa ba zan aiko da akwatin ba. In ya lalace a unguwar Bayan Kara, wa zai kai shi Manchesta? Na uku nauyi: jakar jirgi kilo 23 ce, matsakaicin UPS zai cinye kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, kuma yawancin nauyin batir ne da taransifoma, abin da ke nan a kasuwarku. Abu ɗaya dai da zan yaba, kayan Ingila suna shiga soket ɗinmu kai tsaye, filogi mai ƙafa uku da fis a ciki, bolt 230, duk iri ɗaya ne, gadon mulkinsu. In wani ya ce zai kawo maka daga Amurka, ka ce ka gode. Tasu wutar 120 ce. Ka tuna kwamfutar nan 'yar Beljiyam da muka sayo, wadda ɗan jan maɓallin bayanta ke kan 115 ba mu lura ba? Har yau ina jin ƙaurin.

Inda gida ya fi nan kuwa, gyara ne. Nan in allon cikin UPS ya ƙone, ba mai buɗe shi. Kuɗin awa ɗaya na mai gyara ya kusa kuɗin sabo, sai a jefar. Mai aikin wuta ma sai ka yi layi, ya ba ka rana a mako mai zuwa, ya caje ka tun daga ƙofa. Na sha tuna mutumin nan da ke gyaran rediyo a bakin kasuwa, wanda zai warware taransifomar sitabilaiza ya sake naɗa ta da hannu tsakanin azahar da la'asar, yana yi yana sauraren labarai. Da yana nan da ya yi gida. Amma akwai abin da suke yi da na so a ce muna yi. Tsohon batir ba a jefa shi a shara, akwai wurin da hukumar gari ta ware ake kaiwa. Kai in ka cire naka, ka mayar wa masu sayar da batir su karɓa a rage maka kuɗi, kada ka ba yara 'yan gwangwan su fasa a bayan gida. Dalma ce a ciki. Ba mu manta abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba, yara fiye da 400. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Damina na tafe, ka sa a duba maka wayar ƙasa. Yawancin shagunan layinku ƙafa ta uku a soket ado ce, ba inda ta je. Kariyar da ke cikin UPS da ekstenshan masu hana tartsatsi tana buƙatar hanyar da za ta zubar da wutar da ta yi yawa, in babu sandar ƙarfe a binne a ƙasa da waya zuwa gare ta, rabin kariyar ta tafi. Ko da ita ma, in hadari ya haɗo ta gabas ana walƙiya, kashewa kawai ba ta isa ba, zare filogin daga bango. Haka in ka ga fitilu sun yi wani irin haske fau fiye da kima, fanka tana gudu kamar za ta tashi. Sau da yawa wayar nutural ce ta tsinke a layi, kuma a irin haka abin da zai shigo maka zai iya doshi 400. Kada ka tsaya kallo.

Janaretanka ƙarami kuma, in UPS ya ƙi karɓar wutarsa yana ta kuka, ba lalacewa ya yi ba, wutar injin ce ke rawa. Ka bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu ya daidaita kafin ka juya layi, kada kuma a tayar da fotokwafi a kansa ana cikin aiki. Wasu akwatunan ana iya rage musu tsantseni ta maɓalli ko ta manhaja, ka duba naka. In yana da ramin USB a baya, ka jona shi da kwamfutar. Windows za ta gan shi kamar batirin laftof, kana iya gaya mata in ya sauka zuwa kaza ta rufe kanta, ko kana masallaci. A Word ɗin ma ka shiga saiti ka mayar da ajiyar kai-da-kai daga minti 10 zuwa minti 2, kuma aikin ɗalibai ka riƙa kwafe shi a filas kowace yamma.

Abin da zan aiko maka ta hannun mai zuwa bikin nan na bayan salla shi ne mita mai kyau irin tawa, da 'yar na'urar da ake sokawa a soket tana nuna ƙarfin wuta da ja kullum, da laftof na hannu guda ɗaya da na gyara da kaina na sa masa sabon batir. Shi ba ruwansa da mai walda, cajarsa tana karɓar wuta daga 100 har 240, sai ka riƙa yin aikin ɗalibai a kai, ta tebur ta tsaya wa firinta da rajista. Kuɗin sitabilaiza da batir zan turo maka ƙarshen wata. Kafin nan ka ari mita ka auna mini soket sau uku, da hantsi, da azahar, da bayan magariba, kwana uku a jere, ka rubuta. Ka ɗauko mini hoton bayan akwatin inda lambobi suke, ka ɓare salatif ɗin nan tukuna.

Yarinyar kuma kada ka karɓi kuɗin sake buga babin.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce maganin ƙafar yana cikin saƙon. Ka gaida amarya da yara, da Kawu in ka je Kalgo. In mai dawowa zai karɓi ƙulli, a sa mini kuka da daddawa da yaji, da 'yar shinkafar gida ko mudu biyu ne. Ban da kilishi, ba a bari a shigo da nama, na bara a filin jirgi aka karɓe shi ina kallo.

Yayanka.